Tarkon Clinton da Bakwai Sau Takwas

Clinton ne ya tako har barandata a Narayi, ba ni na aika a kira shi ba. Wannan nake so a fara riƙewa, domin yanzu yana yawo yana faɗa wa mutane wai roƙonsa na yi.

Ya zo da jakar kwamfuta a kafaɗa, wayoyi biyu a hannu, da ƙaton abin sauraron kiɗa rataye a wuya. Shagonsa na bakin babban titin unguwarmu, inda yake cajin waya yana zuba wa mutane waƙoƙi a memori. A jikin allon shagon ya rubuta Injiniya Clinton, kuma har yau ba a samu wanda ya ga injin da ya taɓa haɗawa ba.

"Mama, ana yi miki sata kina zaune kina gyaran alayyafo!" in ji shi, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

Na san zancen da yake yi. Tun ina koyarwa a firamare na tsara wata waƙa ta lissafin sau, daga gidan biyu har gidan sha biyu, da Hausa, da tafi a ƙarshen kowane layi. Bayan na yi ritaya, wani ya ɗauki muryata da waya ina rera wa yaran maƙwabta, har da kukan akuya a ciki, ya tura a Watsap. Waƙa ta shiga gari. Wannan bai dame ni ba, don yara na yi ta. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wani Oga Ernest mai makarantar lesin a Trikania, wanda ya manna muryarsa a farkon waƙar yana cewa makarantarsa ce ta ƙirƙiro ta. Murya tawa, akuya ta maƙwabcina, suna nasa.

"Sunana kawai nake so a mayar mini," na ce wa Clinton.

"Suna? Mama, suna ai ƙaramin abu ne. Ni haƙƙin mallaka nake magana. Ki bar mini aikin nan, in jera miki ɓarayin a gaban alƙali kamar kifin da aka shanya." Ya jawo kujerata ya zauna ba a ba shi ba. "Ki saurari yadda manyan kamfanonin ƙasar waje suke kama ɓarawo. Za mu sake ɗaukar waƙar, murya fes. Sai mu dasa kuskure guda a ciki. Wanda muke zargi a Trikania mu tura masa da nasa kuskuren, na Gonin Gora da nasa daban. Duk inda kuskure ya ɓullo, mun san ta hannun wa ya bi. Magana ta ƙare."

"Kuskure a lissafi?"

"Ɗan ƙarami, Mama. Kamar gishiri a miya."

"Clinton, rayuwata duka na yi ta ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin kuskure. Ba zan tsufa in koma rera shi da tafi ba. Ka ɗauki muryata, ka sa sunana, ka tsaya nan."

"An gama, Mama."

Ngozi, Maman Ebuka, mai shagon kayan masarufi a jikin katangata, ta leƙo da kanta. "Madam, wannan 'an gama' ɗin shi ya faɗa mini ranar da na ba shi wayata gyara. Yanzu in an kira ni, tocila ce ke kunnuwa."

"Sabon tsari ne wannan, Maman Ebuka," in ji Clinton. "Ke ce ba ki waye ba."

Ɗakin ɗaukar muryar a bayan shagonsa yake, ya lulluɓe bangon da kiret ɗin ƙwai, wasu ma da sauran gashin kaza. A jikin bangon akwai injin markaɗe na maƙwabciyarsa. Duk lokacin da na buɗe baki, sai a zuba tattasai. Da ya ga haka sai ya ɗauko bargo ya lulluɓe ni da shi tun daga ka, wai a Legas haka manyan mawaƙa suke yi. Cikin wannan bargo, da zafin rana, na rera waƙar daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya. A farkonta na ce, "Ni ce Juliana Shekari, wannan waƙata ce." Ya shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashin sunan yadda ba mai iya yanke shi ba tare da ya ɓata waƙar ba. A duk aikinsa wannan ne kaɗai ya yi daidai, kuma shi ne ya jawo mini abin da ya jawo.

Bayan 'yan kwanaki ina shanya a tsakar gida, sai na ji yara sun taso daga makaranta suna tafe suna tafi:

"Bakwai sau bakwai, arba'in da tara,
Bakwai sau takwas, hamsin da tara!"

Na saki zanen da ke hannuna na fita da kumfa a gwiwar hannu.

"Kai, ku tsaya nan! Wa ya koya muku wannan?"

"Ke ce, Mama!" suka amsa baki ɗaya, suna murna kamar za a raba musu alewa.

Maman Ebuka ta fito da wayarta ta kunna. Ga sunana, ga kiɗa, ga muryata tana cewa hamsin da tara, ba tari, ba alamar ɗinki. Ashe Clinton ya je ya kwafo "tara" daga layin sama ya manna a inda "shida" take.

"Gaskiya ta fi daɗi a haka, Madam," in ji Ngozi. "Tara, tara, ta zauna a kunne."

Na kama hanyar shagon Clinton da takalmin wanka, ita kuma ta rufe shago ta biyo ni don kada wani abu ya wuce ta.

Da jin abin da ya kawo ni sai ya daka tsalle har kansa ya bugi kwanon rufi. "Tara kika ji? Tara? Mama, tarko ya kama! Tara ta Maman Ebuka ce!"

"Ni?" Ngozi ta dafe ƙirji. "Chineke! Ni ce ɓarauniyar? Baƙuwar lamba ce ta turo mini, an rubuta a ƙasa wai Madam ta ce a tura wa kowa kyauta!"

"Ai gwaji ne. Mai gaskiya ba zai tura ba."

"Guruf ɗin iyayen yara kawai na tura wa. Da na matan coci. Da na 'yan kasuwa. Da na 'yan garinmu, don su ma suna da yara."

"Kin ji ko, Mama? Ta amsa laifi da bakinta."

Na ce, "Clinton, dube ni. Kala nawa ka yanka?"

Ya ɗaga yatsu uku yana murmushi. Tara ta Ngozi. Hamsin da huɗu ta Oga Ernest. Hamsin da biyu kuma ta Malam Nuhu, wani bawan Allah da ke tara 'ya'yan masu sayar da doya da rake a bakin titin Gonin Gora yana koya musu karatu a ƙarƙashin rumfa.

"Shi kuma Malam Nuhu me ya yi maka?"

"Fuskarsa ce ban yarda da ita ba." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Kada ki damu, duk wanda ya samu wace, yana nan ciki. Kan nan ya fi memori."

Na ce ya tura ta asalin yanzu-yanzu, ga duk wanda ya tura wa ta ƙarya. Sai ya fara duba ƙarƙashin tebur. Ashe kwamfutarsa ta cika da wasan ƙwallo, shi ne ya ajiye ta asalin a cikin memorin wani direban tirela da ya kawo caji. Direba ya karɓi kayansa ya nufi Fatakwal.

"To, kawo bargon in sake rerawa."

"Janareta ya mutu, Mama. Amma ba sai kin wahala ba. Batirin kwamfuta zai isa in mayar da shida wurinta. Aikin yara ne."

Kafin in isa gida ya gyara ya tura, ban ji da kunnena ba. Washegari Malama Jummai ta kira ni. Tsohuwar ɗalibata ce, yanzu tana koyarwa a wata firamare a nan Narayi.

"Madam, lafiya kuwa? Na tambayi ajina shida sau shida, sai suka ce 'talatin da', suka yi tafi, suka zauna."

Maimakon ya kwafo "shida", ɗan nan ya ciro ta ɗungurungum daga talatin da shida, ya bar rami. Inda ya kai ta kuma ya manta bai cire "tara" ba. Yanzu a sabuwar waƙar bakwai sau takwas ya zama hamsin da tara shida, lambar da ba ta taɓa zuwa duniya ba sai a hannun Clinton.

Na koma shagon. Ya saurare ni yana gyaɗa kai kamar likita.

"Na gano matsalar, Mama. Mutane ba sa tsoron doka. Da sun daina turawa, da tuni an wuce wurin. Bari in taka musu birki."

"Kada ka taka komai."

"An gama."

Da yamma saƙon murya ya shiga kowace waya, da jiniya a farkonsa. Clinton ne ya kumbura maƙogwaro yana cewa sanarwa ce daga ofishin lauyoyin Madam Juliana Shekari: duk wanda aka samu da waƙar sau a wayarsa ba da izini ba, za a kulle wayar daga nesa, sannan a maka shi a kotu. Ni da ko lauyan da zan gaisa da shi a hanya ba ni da shi.

Masu tsoron Allah suka yi maza suka goge tsohuwar waƙar, mai akuya, wadda ita kaɗai ce daidai. Sauran kuwa suka hau tura sababbin da zafi-zafi, an rubuta a kai, "Waƙar da aka hana, ku saurara kafin a goge." Ranar Lahadi na shiga coci, matan zumunta suka matsa mini a benci har ya yi yawa. Bayan an tashi, wata tsohuwa da muka yi shekaru muna zama tare ta ja ni gefe tana raɗa.

"Madam, jikata ta rera a banɗaki, amma ba da ƙarfi ba. Shi ma akwai kotu?"

Jummai ta zo gida da wayarta na rera mata ta gaskiya, muka tura. Ba ta yi nisa ba. Ba kiɗa a ciki, kuma waɗanda za su tura ta saboda Allah su ne waɗanda jiniya ta firgita.

Ana cikin haka ranar gasar lissafi ta makarantun lesin ta zo, wadda ake yi a ƙarshen zango a filin makarantar su Jummai. Tun kafin wannan rikici aka gayyace ni a matsayin uwar taro, kuma ni ba na saɓa alkawari. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, ga lasifika, ga kofi a kan tebur. Yaran Trikania a hagu da Oga Ernest, na Gonin Gora a dama da Malam Nuhu, na Narayi a tsakiya. Iyaye sun cika fili. Tambayoyin a cikin kwando suke, Jummai na zarowa tana karantawa. Ba a yi nisa ba na ga ta buɗe wata takarda ta tsaya, ta dube ni kamar mai neman gafara.

"Bakwai sau takwas," ta karanta a hankali.

"Hamsin da huɗu!" in ji Trikania.

"Hamsin da biyu!" in ji Gonin Gora.

"Hamsin da tara!" in ji Narayi. Daga can baya wasu ƙanana suka ƙara da "Tara shida!" suka yi tafi.

Jummai ta ce duk babu daidai. Fili ya ɗauka. Wani bakanike da ya zo da rigar aikinsa ya hau kan kujera yana nuna ta da yatsa. "Ke wace ce da za ki ƙaryata Madam Juliana? A gabana 'yata ta haddace!" Wata uwa daga Trikania ta ce masa ya je ya wanke kunnensa, huɗu Madam ta ce. Kafin ka ce me, wayoyi sun tashi sama ta kowane ɓangare. Ina zaune a ƙarƙashin rumfa da furen roba a wuyana, muryata na tashi daga kusurwa uku tana ƙaryata kanta.

Oga Ernest, da ya ga iyayen yaransa sun fara juyowa kansa, ya ruga ya ƙwace abin magana.

"Jama'a, ni ba ruwana! Waƙar nan ba tawa ba ce, ba ta taɓa zama tawa ba! Ta Madam Juliana ce, ga ta can zaune, ga sunanta a kai!"

Wannan ita ce maganar da na daɗe ina jiran ta fito daga bakinsa. Ranar da ya zaɓa ya faɗe ta ke nan.

Sai ga Clinton. Ya ratso taron cikin doguwar rigar mawaƙan coci, shuɗiya mai farin wuya, wadda ya aro don ya yi kama da lauya. Matarsa Becky na biye da shi riƙe da jakarta, da alama an ce mata za a karrama mijinta ne. Ya karɓe abin magana daga hannun Ernest ya buga shi da yatsa.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Ranar hisabi ce ta zo. Abin da kuka ji ba kuskure ba ne, fasaha ce. Ni, Injiniya Clinton, ni na yanka muryar Mama da kwamfuta na dasa wa ɓarayi tarko. Yau kowa zai ga wanda ya faɗa." Ya juya ya miƙe hannu har hannun rigar ya yi lilo. "Huɗu! Malam Nuhu, huɗu taka ce!"

"Yarana biyu suka ce, ɗana," in ji Malam Nuhu.

"To, biyun ta Oga Ernest ce."

"Yanzu mutumin nan ya gaya maka biyu tasa ce!" in ji Ernest.

"Ku daina sa mini baki. Tara..." Ya ƙwanƙwasa goshi. Ya sake ƙwanƙwasawa. "Tara ta wani ce a cikinku."

"Memori ya cika!" Ngozi ta ƙwala daga cikin taro. "A goge ƙwallo!"

Malam Nuhu ya taso a hankali, yana riƙe da 'yar ƙaramar wayarsa da aka ɗaure da roba. Ya rusuna mini tukuna, sannan ya yi magana.

"Madam, ni ban san wannan hisabin ba. Wata lamba ce ta turo mini, aka ce kin ce a koya wa yara kyauta. Na yi ta sa miki albarka. Na ji biyun ta yi mini wani iri a kunne, amma na ce wane ni in gyara wa Madam Juliana, wataƙila manhaja aka canza ban ji ba. Ga lambar nan, bari in kira mai ita ya zo ya yi mana bayani."

Ya danna. Sai kiɗan yabon Ubangiji ya tashi daga cikin jakar Becky.

Ta buɗe jakar, ta dubi wayar, ta dubi mijinta. "Layina? Da layina ka yi wannan aika-aikar? Shi ya sa datata ke ƙarewa kamar ana sha da cokali! Ka ce mini mutanen kamfani ne ɓarayi!"

"Becky, sirrin aiki ne, ba a yi da layin ofis..."

Jakar ce ta ƙarasa masa maganar a kafaɗa. Iyaye suka yo gaba. Bakanike ya sauko daga kujera yana naɗe hannun riga. Jummai, don ta raba, ta shiga tsakani da abin magana.

"Ku dakata! Injiniya, tunda kai ka dasa, kai za ka cire. Ga yara nan suna jinka. Faɗa musu, bakwai sau takwas nawa ne?"

"Wannan ai ba tambaya ba ce," in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya zura hannu cikin rigar ya zaro waya don ya duba kalkuleta. Ba caji. Ya zaro ta biyu. Ita ma baƙi ƙirin.

"Mai cajin unguwa!" in ji Ngozi. "Wa zai ara wa injiniya wuta?"

Ya dubi hagu, huɗu na kallonsa. Ya dubi dama, biyu na jiransa. Ya goge gumi da farin wuyan rigar.

"Maganar gaskiya, jama'a... ya danganta da unguwa."

Abin da ya biyo baya ban gan shi duka ba. Na dai ga shugabar mawaƙan coci ta gane rigarsu ta yi kansa tana cewa ya tuɓe mata kaya. Ya zura da gudu, gindin rigar ya kama igiyar rumfa, sandar ta biyo shi, rumfa ta sauko a kan manyan baƙi. Karo na biyu ke nan da aka lulluɓe ni saboda Clinton. Da aka zaro ni, na sa aka jera kujerun roba layi bakwai, kowane layi takwas, na ce yaran unguwannin uku su zo su ƙirga da hannunsu. Suka ƙirga, suka samu hamsin da shida. Bakanike bai yarda ba sai da ya ƙirga da kansa. Kofi kuwa ba wanda ya ci shi, an mayar da shi cikin kwalinsa.

Da a nan abin ya tsaya da ban ɗauki biro ba. Waɗanda suke filin sun gani, amma waƙar ta riga ta wuce filin. Waɗanda suka ji bayanin Clinton yanzu ba su yarda da kowace murya ta waya ba, har da ta gaskiyar, wai ita ma yankan kwamfuta ce. Waɗanda ba su ji ba suna nan suna tafi a kan biyu da huɗu da tara, da sunana a gaba.

Na kai ƙara gaban dattawan layinmu. Na ce musu ba kotu nake so ba. Waƙar kowa ya rera, kowa ya tura, kowa ya koyar, a aji ko a banɗaki, ba sai an nemi izinina ba. A bar sunana a inda yake, kuma kada wanda ya sake taɓa mini lamba ko ɗaya. Shi kuma wanda ya taɓa, ya bi ni ƙafa da ƙafa mu gyara. Dattawa suka yanke cewa duk Asabar Clinton zai ɗauki allo a ka ya bi ni Narayi da Trikania da Gonin Gora, ina rerawa yana amshi, har sai an daina jin ƙarya a bakin yara. Ya ce wuyansa ba ya son nauyi. Becky ta ce wuyan zai koya.

Asabar ɗin da ta wuce muna Gonin Gora, a bakin titi kusa da rumfar Malam Nuhu, motocin Abuja na wucewa. Clinton na tsaye da allo a ka, ni ina rerawa, yara da masu talla sun kewaye mu. Da na zo kan hamsin da shida sai wata mai gasa masara ta ajiye mafici ta matso.

"Mama, sannu da ƙoƙari. Muryarki ta so ta yi kama da tata, amma kin kauce. Madam Juliana biyu take cewa."

"Ni ce Juliana Shekari," na ce mata.

Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi. "Haba, Mama. Ita fa da kiɗa take yi." Sai ta juya wajen Clinton. "Oga, kai da ka yi kama da wanda ya san waya, faɗa mata gaskiya mana."

Jin an kira shi Oga, sai ƙirjinsa ya fara tasowa a ƙarƙashin allon. Ya gyara murya. Na ɗaga masa yatsa ɗaya. Ƙirjin ya koma.

"Hamsin da shida ne, Anti," in ji shi.

Matar ta girgiza kai cikin tausayi, ta koma ta ɗauki maficinta. "Ku biyun ku je ku saurari Madam da kyau, sannan ku fito koyar da 'ya'yan mutane."

Da na tambaye ta wa ya turo mata, ta ce ƙanwarta ce daga Sabon Tasha, ita kuma daga wata ƙawarta a Kakuri ta samu. Saboda haka ina sanar da dattawa cewa hukuncin da suka yanke ya yi kaɗan. A ƙara masa Sabon Tasha da Kakuri, kuma a sake masa allo, wannan ya yi masa sauƙi.